Mai Binciken da Ya Yi Hira da Kansa

Akwai wani malamin jami'a da wata masana'antar ɗinki ta ɗauko ya gano abin da ke sa mata barin aiki. Manaja dai ya riga ya yanke hukunci: laifin shugabar masu ɗinki ne, wata dattijuwa mai faɗa da ake kira Inna. Rahoton malam kawai ake jira a sallame ta, bayan shekara ashirin tana aiki.

Malam ya zo da tambayoyinsa a takarda, ya kunna waya tana ɗaukar murya. Cikin yini guda ya gama da mata goma sha biyar, yana jin kansa gwani. Duk wadda ya tambaya ko Inna na musu tsawa, sai ta ce tana yi. Shi ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ranar Asabar yana sauraren hirarrakin a falo, matarsa na guga a gefe. Can ta ajiye dutsen guga.

"Baban yara, wai da wa ka yi hirar nan? Ni muryarka kawai nake ji. Duk wadda ta ce 'sai dai', kai kuma ka ce 'tambaya ta gaba'."

Ya ji haushi, amma ya sake saurara daga farko. Mata goma sha ɗaya ya katse. Kunya ta kama shi, sannan ya ƙosa ya ji abin da suka so faɗa.

Ranar Litinin ya koma babu takarda. Ya zauna kusa da keken wata mai ɗinki, ya yi tambaya ɗaya, ya kame bakinsa. Sai ta fara magana.

Ashe bara aka ƙara awa guda a lokacin tashi, yaran matan kuwa suna tsaye a ƙofar makaranta suna jira. Tsawar Inna ta su yi sauri ce, don wadda ta gama aikinta ta sulale da wuri. Waɗanda suka kasa jure ƙarin lokacin su ne suka bar aiki.

Manaja ya karanta rahoton, ya mayar da tsohon lokaci, Inna ta ci gaba da aikinta.

Malam ya tambaye ta me ya hana ta gaya wa manaja tun farko.

Ta ce, "Sau uku ina farawa, ɗana. Shi ma irinka ne."

Darasi: Yin tambaya ba shi ne saurare ba. Kafin ka kafa hujja da maganar mutum, bar shi ya kai ƙarshenta, don abincin wani na iya rataye a kan abin da ka katse. Ku tura wa wanda kuka san ba ya bari a gama magana.