Koren Zare a Zauren Kowa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. An daɗe. Sunansa Jatau. Malamin firamare ne a ƙauye, ya yi shekaru yana koyarwa ba shi da takardar shaida, har gemunsa ya soma fari. Sai aka ce duk wanda ba shi da takarda za a sallame shi. Ya bar mata da 'ya'ya, ya ɗauki akwati, ya shiga kwalejin horon malamai, ya zauna aji ɗaya da yaran da ya isa ya haifa. Kowa Baba yake ce masa.

Ku saurara.

A kwalejin nan akwai wani ɗaki mai faɗi, ɗalibai suna kiransa Zauren Kowa. Hukumar makaranta ce ta gina shi don kowa ya zauna da kowa, saboda wurin ya tara jama'a: Hausawa, Fulani, Barebari, mutanen duwatsun kudu, Musulmi da Kirista, maza da mata. A nan ake jin rediyo. A nan ake dara, ake musun ƙwallo. Mawaƙan coci suna gwajin murya a wannan lungu, masu hadda suna tilawa a wancan, har ka rasa wanne kunnenka yake bi. A kusurwa kuma akwai randa babba, an kafa ta cikin yashi, da kofin silba ɗaya a kan murfinta.

Kofi ɗaya, na ce. Da farko ke nan.

Wata rana wani ya ce shi ba zai sa baki inda mai shan burkutu ya sa ba. Wanda aka yi wa maganar bai taɓa ɗanɗana burkutu ba tunda aka haife shi, amma ya ji zafi, ya ce su ma sun gaji da kofin da yake warin goro. Aka sayo na biyu. Na Musulmi aka ɗaura masa koren zare a hannu, na Kirista ja. Ba a jima ba masu kama hannu a salla da masu saki suka ce a raba musu. 'Yan Katolika suka ce su fa ba ɗaya suke da sauran Kirista ba. Mata suka ce maza ba sa kurkure baki. Aka yi ta sayo kofuna daga rumfa ɗaya a kasuwa, duk kama ɗaya, aka jera su a kan ƙusoshi, kowanne da launin zarensa. Baƙo in ya shigo da ƙishi sai ya tsaya yana kallon bango, har ƙishin ya ba shi kunya ya fita.

To wa zai riƙa wanke su? Kowane ɓangare ya ce bai yarda da ɗayan ba. Abu ɗaya suka haɗu a kai: a ba Baba Jatau. Musulmi ne, sahun baya yake salla, ba ya musu, kowa yana gaishe shi. Ya ce to.

Shi a ƙauyensu, in za a wanke kwanuka, haɗa su ake a daro ɗaya, a zuba ruwan zafi da toka, a bari su jiƙa. Haka ya yi. Ya zuba su, ya tafi aji. Da ya dawo ya tarar rinin zaren duk ya zube. Babu kore, babu ja, babu shuɗi. Duk sun koma launin ruwan kududdufi.

Ya zauna a bakin daron. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan. Kama ɗaya. Ya sunsuna, ko zai ji goro. Toka ya ji.

Ya tashi ya je wurin tela a bakin ƙofar makaranta, ya karɓo zare kala-kala. Ya yi bisimilla, ya ɗaɗɗaura yadda hannunsa ya kai, ya mayar da su kan ƙusoshi.

Kada ku ce ina wanke shi. A nan ya yi kuskure, kuma ya san ya yi. Ya yi niyyar faɗa. Ya shigo zauren da maganar a bakinsa, ya tarar ana dariya, wani Bafulatani yana koya wa wata 'yar kudu gaisuwar Fulatanci tana karya harshe. Ya ce bari sai gobe. Gobe ta zo, ya ce jibi. Yakan tsaya ya ga mutum ya zaɓi zarensa da hankali, ya sha, ya yi hamdala ko ya ce an gode Ubangiji, sai ya rasa abin da yake ji. Zunubi yake ɗauka? Na wa? Ruwan dai ɗaya ne, daga randa ɗaya. Amma amana aka ba shi. Da ya kama wannan gefen sai wancan ya kuɓuce.

Haka aka ci damina, aka ci azumi, aka ci Kirsimeti, aka shiga zangon ƙarshe. Jarrabawar fita ta matso.

Ran nan da rana tsaka, wani ɗalibi mai suna Sidi, wanda yake jan salla in liman ba ya nan, ya sha ruwa ya kife kofin don ya tsane. Sai ya ga alamar gicciye a gindinsa, an zana da ƙusa. A kofi mai koren zare.

"Jama'a! Ku zo ku gani!"

Kafin a ce me, zauren ya cika. Aka ce wa zai yi wannan in ba Zakka ba, shugaban mawaƙan coci, wanda hannunsa ba ya rabo da zane-zane. Aka janyo shi.

"Kai ka zana wannan?" in ji Sidi.

Zakka ya duba, ya juya kofin, ya sake dubawa. "Hannuna ne. Amma a namu na zana, mai jan zare, tun ranar da aka sayo shi."

"Wannan ja ne a idonka?"

"Kore ne."

"To?"

"To ni ma ban gane ba."

"Za ka gane, maƙaryaci!"

Aka ɗaga benci za a maka wa Zakka. Mata suka yi waje da ihu. Allah ya sa shugaban kwaleji yana kusa. Ya shigo ya tsawatar, ya karɓi kofin, ya ce gobe bayan azahar kowa ya hallara a nan. Ya ce a gaban kowa: duk wanda aka samu da hannu a wannan tsokana, korarsa zai yi, ko da saura kwana ɗaya ya gama.

Jatau yana tsaye a bakin randa, guga a hannu. Ya juye ruwan a randa, ya fita.

Da yamma aka kawo tuwo, ya sa a gaba bai taɓa ba. Abokin ɗakinsa, wani Babarbare mai suna Modu, ya matsa masa da tambaya har ya faɗa masa komai. Modu ya ajiye cokali.

"Baba, wa ya sani ban da ni?"

"Tela. Shi ma bai san na mene ne ba."

"To ka rufe bakinka. Ni ban ji ba, kai ba ka faɗa ba."

"Yaron fa?"

"Yaro ne, zai sami wata makaranta. Kai wace makaranta ce za ta ɗauke ka da wannan furfurar? Ka koma ƙauye ka ce wa iyalinka me? Zare ne ya kore ni?"

"Ba da gangan na yi ba."

"Wa zai tsaya jin wannan? Musulmi za su ce ka shayar da su da kofin Kirista, Kirista su ce ka ci amanarsu. Yanzu ɓangare ɗaya ne yake fushi. In ka buɗe baki, duka biyun a kanka."

Jatau ya ture kwanon tuwon gefe. Maganar Modu babu ƙarya a ciki ko ɗaya, abin da ya ƙara ruɗa shi ke nan. Ya tuna 'ya'yansa. Ya tuna fuskar Zakka lokacin da yake cewa bai gane ba. Ya yi salla, ya roƙi Allah ya nuna masa hanya. Bai ga komai ba. Bai yi mafarki ba, babu wanda ya zo masa da fararen kaya. Gari ya waye yana nan yadda yake.

Ku ƙara matsowa, nan ne wurin.

Bayan azahar zaure ya cika, Musulmi a gefe, Kirista a gefe, kamar ba su taɓa cin gyaɗa a takarda ɗaya ba. Shugaba ya tambayi Zakka, Zakka ya maimaita abin da ya faɗa jiya. Aka yi masa ihu. Shugaba ya gyara tabarau, ya buɗe baki zai yanke hukunci.

"Ranka ya daɗe."

Aka waiwaya. Jatau ne. Shi kansa bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Baba, zauna, ba da kai ake ba."

"Da ni ake, ranka ya daɗe. Yaron nan gaskiya ya faɗa. Kofinsu ne. Ni na ɗaura masa koren zare."

Ya faɗi daron, ya faɗi tokar, ya faɗi telan. Bai iya jera magana ba, ya yi gaba ya dawo baya, amma aka fahimta.

Sidi ya ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun kafin damina, ɗana."

"Ke nan duk azumin nan, da kofin nan nake buɗa baki?"

"Da shi."

"To namu na ainihi yana ina?"

"Wallahi ban sani ba. Yana cikinsu."

Wata ɗaliba Kirista, Tabita, ta zabura ta ciro mai jan zare ta kife. "Wayyo! Wannan rubutun Larabci ne! Wa ya rubuta?" Modu ya sunkuyar da kai, ya ce sunansa ne, shi ya zana. Aka yi kan bango, kowa yana kife kofi yana duba gindi. Wani ya tofar da yawu. Wani ya fashe da dariya aka harare shi. Wani ya tambaya ko sai ya rama azumi, aka ce masa ina ruwan azumi da kofi, ya ce to me ya sa aka raba tun farko? Masu fushi suna so su yi fushi, sun rasa da wa. Sidi ya tsaya a tsakiya, kofi a hannu, yana kallon Zakka.

Shugaba ya tsawatar, aka natsu. Sannan ya ce, "Zakka, koma wurinka. Malam Jatau, kuskuren wanki ba laifi ba ne. Amma ka ɓoye, kuma jiya kana tsaye aka ɗaga wa yaron nan benci. Na yi magana a gaban jama'a, ba zan haɗiye ta duka ba. Ba za ka zauna jarrabawar bana ba. Ka tafi gida, baɗi ka dawo ka maimaita."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Kun ji. Babu wanda ya ba shi kyauta. Shekara guda ta tafi, kuma bai sani ba ko aikinsa na ƙauye zai jira shi. Wasu ɗaliban ba su sake gaishe shi ba. Wasu suka koma zuwa da gorar ruwansu. Amma ba a rufe zauren ba, ba a zubar da jini ba, Zakka ya zauna jarrabawarsa.

Ranar tafiya Zakka ya ɗaukar wa Jatau akwati har tasha. Sidi ya biyo su a baya da tabarmar Jatau a naɗe.

Zakka ya ce, "Baba, da ka yi shiru, da babu mai sani. Me ya sa?"

Jatau ya yi tunani har aka soma lodi. "Ban sani ba, ɗana. Har yanzu ban san ko na gyara ne ko na ɓata ba. Na dai ga za a kore ka a kan abin da hannuna ya yi."

Mota ta tashi.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Mutumin nan bai gane komai ba. Bai san hukuncin kofi ba, bai san ƙarshen maganarsa ba, bai san abin da iyalinsa za su ci ba. Abu ɗaya ya sani: ana shirin zaluntar wani da laifinsa. Wannan ya ishe shi ya miƙe. Bai tsaya duba addinin yaron ba.

Mu kuwa, sai mun gane komai muke faɗar gaskiya. Sai mun auna, mun ga ba za ta taɓa mu ba. In wanda za a zalunta ba namu ba ne, sai mu ce ba mu da tabbas. Akwai wanda yake zaune a nan, yau ɗin nan, a makaranta ko a shago ko a gidan haya, ana zargin maƙwabcinsa da abin da shi ya san yadda aka yi. Yana cewa kansa ya ɗaure. Ɗaurewar kai ba uzuri ba ce. Ka faɗi ɗan abin da ka sani, ko muryarka tana rawa, ko za ka yi hasara, ko wanda za ka kuɓutar ba ya bin alƙiblarka. Kuma kada ka jira sai an ɗaga benci.

Allah ya ba mu ikon miƙewa. Ku ce amin.