Bangon da Ba Ya Riƙe Ƙusa

Akwai wata mata mai ɗinki, gajeriya ce ƙwarai, har mijinta kafinta ba ya kiranta da komai sai Guntuwa. Ita kuma ta rama da kiransa Dogo, ko da yake shi ma ba wani tsawon kirki gare shi ba.

Kafintan nan ya fara gina musu gida a ɗan filinsa, da wani irin bulo da ba a saba gani a unguwar ba. Da siminti ake yin sa, a haɗa da ƙananan ƙwallayen yumɓu da aka gasa har suka kumbura kamar gugguru. Ba shi da nauyi, Guntuwa ma tana ɗaga shi ba tare da nishi ba.

Ya gaya mata amfaninsa: yana hana zafi shiga ɗaki, yana tare hayaniyar titi. Bai kuma ɓoye mata aibinsa ba: yana shan ruwa in ba a yi masa filasta ba, sannan ƙusa ba ta zama a jikinsa.

Inda matsalar take shi ne, yayan kafinta gidan bulo gare shi. Shekara da shekaru yana buga bulon yashi mai nauyi, rabin unguwar da bulonsa aka gina ta. Abin ya ci masa rai.

"Ka tsallake ƙofata ka je ka sayo gugguru," in ji Yaya. "In yunwa ta kama ku sai ku ɓalli bango ku ci."

Kafinta dariya kawai yake yi.

An yi rufi, an yi filastar ciki, ba a kai ga ta waje ba, sai wani ciwo na 'yan kwanaki ya ɗauke kafinta. Ya bar Guntuwa da yara mata biyu da keken ɗinki.

Ta kwashe kayanta daga gidan haya ta tare a haka. Ruwan farko da aka yi, bangon waje ya sha ya ƙoshi. Washegari danshi ya fito a ɗakin kwana kamar an zana taswira, katifa ta fara wari, ƙaramar yarinyar ta kama tari.

Yaya bai ɓata lokaci ba. Ya iso da hantsi, ya taho da mahaifiyarsu, Inna, tsohuwa mai ciwon gwiwa, domin ta gani da idonta. Shawararsa a shirye take: a sayar da wurin, Guntuwa da yara su koma wani ɗaki a bayan gidan bulonsa, inda inji ke kuka tun safe.

"Yaya, filasta ce kawai ta rage," in ji Guntuwa. "Ka ba ni lokaci, ina ɗinki, zan yi ta ko bango ɗaya-ɗaya ne."

"Filasta a kan me? Ke, ban so in faɗa a gaban Inna ba, amma marigayi bai yi tunani ba. Ganin ido ya bi. Ɗauko mini guduma."

Ta buɗe akwatin aikin mijinta, wanda ba ta taɓa ba tun rasuwarsa, ta miƙa masa guduma da ƙusoshi.

Ya kafa ƙusa a tsakiyar bangon falo. Ta shige kamar cikin burodi. Ya sa yatsa biyu ya zaro ta, gari ya biyo baya. Ya sake bugawa a wani wurin, haka. Ya rataya hularsa, hula da ƙusa suka faɗo tare.

"Kin gani, Inna? Bangon da ya kasa riƙe hulata shi zai riƙe marayu?"

Inna ta sunkuyar da kai.

Yaya ya ga ya yi nasara, sai baki ya ƙara buɗewa. "Ki nuna mini wuri ɗaya tak a gidan nan da ƙusa za ta zauna. In ta zauna, ni zan yi filastar waje da simintina da yarana. In ba ta zauna ba, gobe ki fara ɗaure kaya. Inna ce shaida."

Guntuwa ta tsaya tana kallon bangon, hawaye na neman kufce mata. Ba maganar sayarwa ce ta fi ƙona ta ba. Cewa da aka yi Dogo bai yi tunani ba, ita ce ta fi yi mata ciwo.

Nan ta tuna wata rana, lokacin gini bai kai rufi ba. Ta kawo masa abinci, sai ya tsayar da ita kusa da ƙofa ya ce ta miƙa hannu sama. Ta miƙa. Ya sa alli ya yi alama a jikin bulon, yana cewa, "Kai, Guntuwa, iyakarki ke nan?" Ta doke hannunsa, ta ɗauka tsokana ce irin tasa. Ya ja ta bakin taga, ya ja ta kicin, ko'ina sai ta miƙa hannu ya yi alama.

Kafinta ne. Kuma da bakinsa ya ce ƙusa ba ta zama. To alamar ta mece ce?

Ba ta da tabbas. Amma ta taka zuwa bakin ƙofa, ta tsaya inda ta tsaya a ranar, ta miƙa hannu iya tsawonta.

"Buga nan, Yaya."

"Nan da can duk ɗaya ne."

"Buga dai."

Bugun farko ƙusa ta fasa filasta. A na biyu ƙarar ta canza, ta koma ƙwas-ƙwas, irin wadda Guntuwa ta saba ji daga shagon mijinta. Yaya ya ja da yatsa, ba ta motsa ba. Ya sa bayan guduma ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi, ƙusa na nan daram.

Ya ƙwaƙule filastar gefen da farce. Katako ne, gutsuren katako mai kauri da aka dasa tsakanin bulo, aka shafe kansa.

Guntuwa ta wuce bakin taga. "Nan wurin labule ne." Ya buga, ta zauna. Ta shiga kicin. "Nan kantar tukwane." Ta zauna. Kowanne daidai inda hannunta ke kaiwa ba tare da ta taka kujera ba.

Yaya ya share gumi. "Ai wannan katako ne, ba bulo ba. Ba a kan haka muka yi ba."

"Dakata," in ji Inna.

Tsohuwar ta dogara sandarta ta nufi ƙaramin ɗakin da ke kusa da banɗaki, wanda kowa ya ɗauka na ajiye kaya ne.

"Marigayi ya taɓa kawo ni nan," in ji ta. "Ya zaunar da ni a kan bulo a wannan lungun, ya ce in dafa bango in miƙe. Na ce masa ba shi da kunya, ya mai da ni abin wasa. Buga nan, daidai ƙuguna."

Yaya ya buga. Katako. Ya matsa taku ɗaya ya buga. Katako. Haka ya bi bangon har ƙofar banɗaki, katako a jere, inda za a kafa abin dafawa ga mai ciwon gwiwa.

Inna ta dafa wurin da tafin hannunta.

"Shekara nawa ina rarrafe a gidanka kafin in kai banɗaki?" ta tambayi Yaya, ba tare da ta juyo ba. "Bangonka yana riƙe ƙusa. Ka taɓa buga mini ko ɗaya? Shi ne za ka ce ƙanenka bai yi tunani ba. Ka kawo siminti gobe. Kuma a kawo mini kayana, nan zan zauna."

Kafin ruwa na gaba, an gama filastar waje tsaf, an yi fenti. Danshi ya bushe, tari ya tafi, bai dawo ba.

Da zafi ya shigo, lokacin da kwanon rufi ke ƙara saboda rana kuma mutane ke fita waje neman iska, ɗakunan Guntuwa sanyi kamar cikin randa. Mata suka riƙa kawo ɗinki, su ƙi tafiya har sai an gama.

Yaya kuwa ya ƙirƙiro zuwa gaida Inna kullum bayan azahar. Gaisuwar ba ta wuce kalma uku, sai ka ji minshari daga tabarmar falo. Wata rana ya farka, ya yi gyaran murya, ya tambaya ƙasa-ƙasa ko Guntuwa ta san inda ake samun waɗancan ƙwallayen yumɓun.

"Na gugguru?" in ji ta, ƙafarta na kan keke.

"Ke dai faɗa mini."

Da zai tafi ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa daga ƙusar bakin ƙofa, wadda shi da kansa ya buga.

"A hankali, Yaya," in ji Guntuwa. "Ka san bangon nan ba ya riƙe ƙusa."

Inna ta yi dariya daga ɗakinta har da tari.

Darasi: Kada ka yanke wa aikin mutum hukunci da aibi ɗaya da ka gani. Babu kayan gini marar aibi, babu mutum marar aibi. Mai hankali shi ne wanda ya san raunin abinsa ya yi masa tanadi tun da wuri. Ni mai ba ku labarin nan, da na rasa nawa, na shaida cewa kulawar wasu ba a ganinta sai bayan sun tafi, don haka ku lura da ita tun suna raye. Ku tura wa wanda ke gini, da wanda ke raina ginin wani.