Umarnin da Aka Manta a Bakin Madatsa

Akwai wani manomi a wani gari da ke gefen rafi, yana da ƙane guda ɗaya. Da mahaifinsu ya rasu, ya bar musu dogon lambu a fadama, suka raba shi biyu. Wan ya ɗauki na sama, ƙanen ya ɗauki na ƙasa. Ruwan da ake ba lambunan daga madatsa yake fitowa, ya ratsa lambun wan, sa'an nan ya gangara zuwa na ƙanen ta wani ɗan baki da ke ƙarshen shinge. Wata hanya kuma babu. Haka uban ya tsara abinsa, domin bai taɓa kawowa a ransa 'ya'yansa za su yi faɗa ba.

A garin nan akwai wani dattijo mai rabon ruwa, yana da rumfa a bakin madatsa. Ga yadda aikinsa yake. Kowane mai lambu yakan je ya faɗa masa abin da yake so a yi masa da lokacin da za a yi. Wani ya ce a buɗe masa da hantsi, wani ya ce sai la'asar, wani kuwa ya ce ranar kasuwa kawai. Da zarar ka faɗa, ka gama naka. Ka tafi gona ko biki ko ka kwanta ciwo, aikin ba zai tsaya ba. Dattijon yana zaune yana duban inuwa, in lokacin wani ya yi sai ya tura ɗaya daga cikin ma'aikatansa ya je ya aikata, shi kuma ya koma duban inuwa saboda na gaba. Ba ya bin kowa gida ya tambaye shi ko har yanzu yana so. Amma duk wanda ya zo rumfar ya tambayi abin da aka yi da sunansa, za a faɗa masa ba ɓoye-ɓoye.

Doka biyu gare shi. Ba ya taɓa hanyar ruwan wani da maganar wani. Kuma umarnin da aka ba shi yana nan daram har sai bakin da ya ba da shi ya dawo ya janye. Mutanen garin suna yabonsa a kan wannan, gama saboda haka ne ba a taɓa fasa kan kowa a bakin madatsa ba.

Wata shekara, wajen ƙarshen rani, awakin ƙanen suka tsallaka shinge suka cinye dashen tumatir ɗin wan. Abu ne da za a ba da haƙuri ya wuce, amma aka yi ta musayar magana a gaban mutane, har ƙanen ya faɗi abin da bai kamata ƙane ya faɗa wa wansa ba. Wan bai koma gida ba. Da zafin zuciyar nan ya miƙe sai rumfar mai rabon ruwa, ya ce masa duk ranar da aka gama ba lambunsa ruwa, a toshe bakin da ke ƙarshen shingensa, sauran ruwan a karkatar da shi ya koma rafi.

Dattijon ya dube shi ya ce, "Maigida, na yau kaɗai, ko na kullum?"

Ya ce, "Na kullum."

Bakin nan a cikin lambun wan yake, don haka yana da ikon faɗa. Dattijon ya karɓi umarnin.

Ba a daɗe ba sai ruwan sama ya sauka. Da damina ba mai bukatar madatsa, mai rabon ruwa ma ya sallami ma'aikatansa suka tafi gonakinsu. A cikin daminar nan mahaifiyarsu ta kwanta rashin lafiya, 'yan'uwan biyu suka riƙa haɗuwa a ɗakinta, wannan ya riƙe ta wancan ya ba ta kunu. A nan ƙanen ya durƙusa ya nemi gafara, wan ya tashe shi, suka yi kuka tare. Ina so ku ji wannan da kyau: ba munafunci wan ya yi ba. Har cikin zuciyarsa ya yafe. Suka ci tuwo a kwano ɗaya, suka yi wa juna gayya a gona, tsohuwa ta warke tana ta sa musu albarka. Maganar tumatir ta fita daga kan wan gaba ɗaya, ta tafi tare da maganar da ya bari a bakin madatsa.

Rani ya dawo. Mai rabon ruwa ya gyara rumfarsa ya zauna, ya ci gaba da umarnin kowa daga inda aka tsaya. Ƙanen ya dasa albasa, lambun kaf, domin a kanta ya sa rai zai ciyar da gidansa har wata damina. Ya jira ruwa, ruwa bai sauko ba. Ya hau ya duba, ya tarar an toshe bakin da laka, an daddaɓe shi da kyau, aikin wanda ya san aikinsa. Sai ya je wurin dattijon.

Dattijon ya faɗa masa gaskiya, cewa umarnin wansa ne, kuma shi kaɗai zai iya janyewa. Ya ba shi shawara ya je ya same shi su yi magana. Ƙanen bai tambayi yaushe aka ba da umarnin ba. Kunnensa ya tsaya a kan kalmar nan, umarnin wanka, sauran bai ji ba.

To, a nan ne kunya ta yi ɓarnarta. Ta yaya zai je ya tsaya a gaban wansa ya ce, ka hana ni ruwa? Shi da ya yi laifi, shi da aka yafe wa a gaban tsohuwa? Ya ce a ransa, ashe gafarar ta baki ce, an yi ta ne don hankalin tsohuwa ya kwanta. Ya haɗiye maganar. Ya samo tulu, shi da matarsa suka shiga ɗebo ruwa daga rafi suna hawa gangare da shi. Amma lambun da aka tsara don ruwan madatsa ba ya ƙoshi da tulu. Albasa ta fara yin ja daga baki, ganye ya kwanta.

Wan kuwa lambunsa kore shar. Da safe yake zuwa ya zagaya, a gama ba shi ruwa ya koma gida, ma'aikacin ya zo bayansa ya toshe bakin. Shingen ya yi duhu, gangaren kuma yana wahalar da gwiwarsa, saboda haka bai taɓa leƙawa ƙasa ba. Abin da ya lura da shi kawai shi ne ƙanensa ya rame, ya daina zuwa hira, in sun gaisa ba ya ɗaga ido. Sai ya fara jin haushi. Ya ce wa matarsa yaron nan ba shi da godiya, an yafe masa kuma shi ne yake ɗaure fuska. Har kwandon tumatir ya aika masa don ya nuna shi ba ya riƙo. Ku auna yadda ƙanen ya ji sa'ad da aka sauke masa tumatir ɗin da aka noma da ruwan da aka hana shi.

Da albasar ta mutu, ƙanen ya ga ba abin da zai ci a garin, ba kuma fuskar da zai ci gaba da duban wansa da ita. Ya yanke shawara ya kwashe iyalinsa su koma garin surukansa. Bai faɗa wa kowa ba. Matarsa ce ta kasa tafiya ba sallama, ta shiga wurin matar wan da safe, tana magana sai hawaye, har ta faɗi duk abin da ake ciki.

Wan yana zaure ya ji. Ya tashi ko takalmi bai sa daidai ba, ya nufi madatsa yana huci, ya tambayi dattijon wa ya ba shi izinin kashe lambun ɗan'uwansa.

Dattijon ya ce, "Kai ne, maigida. Na tambaye ka na yau ne ko na kullum, ka ce na kullum."

Wan ya tsaya, abin ya dawo masa kamar yau aka yi. Muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, "Ai mun shirya tun da damina. Na yafe masa."

Dattijon ya ce, "Shi ka faɗa wa. Ni ba ka faɗa mini ba."

Nan take ya janye maganarsa. Aka tura ma'aikaci ya fasa lakar, ruwa ya kama hanyarsa. Wan ya bi ruwan da ƙafa, ya ratsa shinge, ya gangara, gwiwar ma bai ji ta ba. Ya tarar da ƙanensa a tsaye a tsakiyar lambu, ya zo yi wa lambun kallon ƙarshe, ga ruwa yana shiga busasshiyar ƙasa yana ɗaga matattun ganye. Wan ya faɗa masa yadda aka yi, ya rantse bai sani ba.

Ƙanen ya dubi ruwan da ke shigowa. Sa'an nan ya ce, "Na yarda, Yaya. Ni ma da na zo na tambaye ka. Amma rani guda, ko sau ɗaya ba ka sauko ka ga yadda nake ba."

Aka kwance kayan da aka ɗaure, ƙanen bai tafi ba. Wan ya raba amfanin lambunsa biyu ya ba shi rabi. Albasar dai ba ta tashi ba, gama ruwan ya zo bayan ta mutu.

Yanzu ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwana.

Mai rabon ruwa ba mugu ba ne, kada wani ya fita daga nan yana zaginsa. Amintacce ne. Shi ne duk wanda muka ba umarni ya ci gaba da aikatawa bayan mun juya baya. Matasanmu masu aiki da kwamfuta sun san irinsa sarai. A cikin na'urar akwai wani tsari da ake ba aiki da lokaci, a ce masa kowace safiya ka kwafi kaza, kowane ƙarshen mako ka share kaza. Kowa da nasa umarnin, kuma da sunan mai shi ake aikatawa. In lokaci ya yi sai ya tayar da aikin a bayan fage, ba abin da zai bayyana a gaban mai amfani da na'urar, yana can yana sabgarsa. Ba ya gajiya, ba ya mantuwa, ba ya tambayar ko ka sake tunani. In ka ce ya riƙa share wani wuri, daga baya ka mai da wurin ma'ajiyar abu mai daraja, zai share maka shi a kan lokaci, da aminci.

Mu ma muna da irin waɗannan amintattu, kuma yawancinsu a gidajenmu suke kwana. Uwa, ranar da kika yi faɗa da matar ƙanen mijinki, kin ce wa 'ya'yanki kada ku ƙara cin abinci a gidanta. Yau ku biyu kuna zama kujera ɗaya a zumuntar mata, kuna raira waƙa da murya ɗaya. Madalla. Amma 'yarki har yanzu in an miƙa mata abinci a gidan sai ta ce ta ƙoshi, matar kuma tana gani, tana cewa a ranta ashe har yanzu. Maigida, kai ma kada ka yi murmushi. Ka ce wa matarka in wane ya zo a ce ba ka nan. Ka manta ka faɗa, ita ba ta manta ba, domin mace ce mai biyayya. Ka ce wa abokan aikinka kada a ƙara kiran wane in aiki ya samu. Kun shirya da shi tuntuni, su kuwa har gobe ba sa kiransa, yaransa suna kwana da yunwa da sunanka.

Abin da ya fi ba ni tsoro a cikin misalin nan shi ne wan bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Zuciyarsa fari tas take, yana addu'a, yana aika kyauta, amma fushinsa na bara yana aiki kowace rana a ƙarshen shingensa. Ubangiji da ya gafarta mana bai bar gafarar a cikin zuciyarsa ya yi shiru ba, ya sauko har inda muke. Mu kuwa mukan yafe a ɗaki, mu bar umarninmu yana yawo a gari. Wanda kuma aka toshe wa ruwa, shi ma yana da nasa. Kunyar da ta hana ka tambayar ɗan'uwanka har gonarka ta mutu ba ladabi ba ce, je ka tambaya.

Ba na ce ku daina ba da umarni na kullum ba. Akwai masu kyau. Wadda ta ce wa 'yarta duk ranar da aka yi tuwo a kai wa gwauruwar nan ta maƙwabta, ta kafa abin da zai ci gaba ko ranar da ita kanta ta tashi da ɓacin rai. Irin wannan ku yawaita. Na fushi ne nake roƙonku ku bi sawunsu.

Don haka in kun koma gida yau, kada ku tsaya tambayar zuciyarku ko kun yafe. Za ta ce muku i, kuma mai yiwuwa gaskiyarta ne. Ku kira waɗanda kuka ba umarni, mata da 'ya'ya da masu yi muku aiki, ku tambaye su wa kuka taɓa cewa kada a gaisar, wa kuka ce kada a ba, gidan wa kuka ce kada a shiga. Ku yi shiru ku saurara, za ku ji sunayen da kuka daɗe da yafe wa. Sa'an nan ku janye da bakinku, ku tashi da ƙafarku ku je gidan mutumin ku ga halin da yake ciki, tun yana da sauran abin da ruwa zai iya rayarwa.