Ƙahon da Maharazu Ya Hana Levi

Akwai wani dattijo manomi a Gozaki, ana ce masa Baba Levi. Amininsa tun suna yara shi ne Malam Maharazu, wanzamin garin. Ɗaya coci yake zuwa, ɗaya masallaci, amma tare suka yi kiwon awaki, tare suka riƙa tura auduga a keke lokacin da auduga take da daraja.

Duk shekara in an gama kaka, Levi zai je zauren Maharazu ya tuɓe riga ya ba shi baya. A kafa ƙaho, a yi tsaga, a zuƙe gajiyar damina. Ana yi suna tuna 'yan matan da suka ƙi su, da shekarar da rafi ya tafi da sabon takalmin Levi ana gobe aurensa.

"Bayan nan naka ya zama fatar ganga," in ji Maharazu.

"Askarka ce ta tsufa kamar mai ita," in ji Levi.

Wata damina ƙirjin Levi ya fara wani irin bugu. Ya yi sauri, ya tsaya, ya sake zabura, kamar kaza a cikin kwando. Matarsa Judith ta matsa masa suka je asibiti a Funtuwa.

Likita ya ce zuciyarsa ba ta bugawa daidai. In haka ta faru, jini kan daskare a cikinta, gudan ya haura kai ya shanye wa mutum ɓarin jiki. Ya rubuta masa ƙwaya mai tsinka jini, ya ce kullum zai sha, kuma ya riƙa dawowa awon jini.

"Baba, ban da tsaga, ban da ƙaho," in ji likitan. "Yanzu jininka ba ya saurin tsayawa."

Levi ya ce to, amma a ransa ba to ba ce. Daskararren jini? Ai shi ƙaho yake fitarwa. Ya sha ganinsa da idonsa, baƙi, guda-guda. A ganinsa, abin da ƙwaya za ta shekara tana lallaɓawa, Maharazu zai cire shi da hantsi ɗaya.

Da aka kai dawa rumbu, sai ga shi a zaure yana kwance maɓallin riga.

"Mayar da rigarka," in ji Maharazu. "Matarka, Maman Victoria, ta zo ta gaya min abin da likita ya ce."

"Yau kuma mace ce take ba ka izinin aiki?"

"Ko ita ba ta zo ba, da na ji, ba zan sa maka aska ba. Zauna a kawo fura."

"Ban zo shan fura ba. Kai ka koya min cewa mataccen jini cirewa ake yi. Yau yaron da aka haifa jiya ya ce a'a, ka bi bayansa?"

Levi ya ɗauki hularsa ya fita.

Ran kasuwa ya hau babur zuwa Malumfashi, ya samu wani wanzami mai suna Sada a rumfarsa. Sada ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi daga ina. Da ya ji sunan, sai ya nannaɗe zabirarsa ta kayan aski.

"Baba, ka yi haƙuri. Malam Maharazu ya riga ka zuwa. Ya bi mu rumfa-rumfa, ya ce in ka zo kada wanda ya taɓa ka."

Levi ya dawo gida yana huci. Ya ce Maharazu ya tallata ciwonsa a kasuwa. Ya daina bi ta ƙofar zauren. In Maharazu ya aiko masa da gaisuwa, sai ya ce a ce yana barci. Shi kuwa Maharazu bai fasa aikowa ba.

Ana nan, rannan Levi yana tara kara a gona, wani tsinin kara ya karce shi a ƙwauri. Ɗan rauni ne, irin wanda da can ba ya ko kallo. Ya ɗaure da tsumma, tsumman ya jiƙe. Ya sake ɗaurawa, ya sake jiƙewa. Har aka kai shi asibiti jinin bai tsaya ba.

Yana kwance ana danne wurin, sai ya tuna yawan tsagar da ake yi masa a baya duk shekara.

Da aka sallame shi, bai wuce gida ba. Ya tsaya a ƙofar zauren yana ɗingishi.

"Tsohon wanzami, kana ciki?"

"Shigo, mai fushi da fura."

Levi ya zauna, ya nuna masa ƙafar. "Kara ne fa kawai, Maharazu. Da ka biye min, da yanzu gaisuwa ake karɓa a gidana."

"Da wa zan riƙa zagi?" in ji Maharazu, yana kallon ƙasa.

Daga ranar, duk zuwa awon jini Maharazu ne yake raka shi Funtuwa. Ya ce bai yarda da shi ba, zai iya zamewa wurin wani wanzamin.

Bara Allah ya yi wa Malam Maharazu rasuwa. Baba Levi yana nan da ransa, yana shan maganinsa, har ya ɗauki tattaɓa-kunnensa. Yanzu jikansa ne yake kai shi awo, kuma in an kira sunansa a layi, har yau sai ya waiga gefensa, inda Maharazu ya saba zama, kafin ya tashi.

Darasi: Wanda ya yarda ka yi fushi da shi don ka rayu, shi ne masoyinka. In kana shan maganin tsinka jini, kada ka yi ƙaho ko tsaga, kada ka daina shansa da kanka, kuma ka gaya wa duk wanda zai taɓa jikinka da ƙarfe. Don Allah ku tura wa 'yan uwa, musamman masu tsofaffi a gida.