Wuƙar da Ba Mai Aronta

— Ga ta nan, ga ta nanku, ga ta can tafe tana ɗingishi.

— Ta zo mu ji ta!

— Za ta iso, in Lantana ta daina tauna mini gyaɗa a kunne. Ku matso, ku tura wannan icen cikin wuta.

An yi wani mutum a garin Tudun Marke, sunansa Nomau. Ba ya faɗa, ba ya zagi, aibinsa ɗaya ne tak: bai iya zaɓe ba. In aka ajiye masa tuwo da dambu, sai duka biyun sun huce yana kallonsu. In ya ce "wannan", kafin hannunsa ya kai sai ka ji, "To, amma fa..." Har gari ya manta da Nomau, sai Amma-Fa. Allah ya so shi ba ango ake tambaya ba ranar ɗaurin aure, da har yau yana tuzuru.

Matarsa Tabawa tana da jar akuya, gadon uwarta, akuyar kuwa ga tsohon ciki. Ana tsakiyar damina sai 'yarsu ta haihu a wani gari, Tabawa ta ɗaura ƙunshi za ta tafi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ga akuya nan. Shuka ta fito, dole sai a turke, ka kuwa san halinta da igiya. Kada ka kuskura ka fita ba wuƙa a jikinka. In na dawo na tarar da turke ba akuya, kai ma ka tarar da ɗaki ba ni."

Ya ce, "To." Ko amma bai samu ya ƙara ba, ta riga ta sha kwana.

A zamanin nan akwai alkawari tsakanin Kura da mutanen Tudun Marke. Ba za ta sa baki a dabba mai rai ba, ba za ta sa baki a abin da aka yanka ba. Amma duk dabbar da ta mutu ba yanka, ta zama mushe, to wannan rabon Kura ne, ko sarki ba ya hana ta. Kura kuwa ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan jar akuyar nan.

Nomau ba shi da wuƙa, tasa ta faɗa rijiya tun bara. Ya tafi wurin Cindo maƙeri. Cindo ya ajiye masa biyu a kan buzu, irin masu ninkewar nan da kaifinsu ke kwanciya cikin mariƙinsu, a jefa aljihu ba ruwan mutum da kube. Ɗaya fara sal, mariƙin ƙaho da zoben tagulla, kana taɓa ta sai ta buɗe, ƙyas! Ɗayar baƙa, mariƙin icen ƙirya, kamar an tono ta a toka. Ita kam kafin ta buɗe sai ka yi mata magiya.

Nomau ya ce, "Wacce ta fi kaifi?"

Cindo ya ce, "Wuta ɗaya ta gasa su, hannu ɗaya ya daka su. Kaifinsu ɗaya."

Nomau ya ɗauki fara. "To, amma fa..." Ya ajiye, ya ɗauki baƙa. "To, amma fa..." Tun hantsi har gawayin Cindo ya zama toka. Cindo ya ce, "Amma-Fa, don girman Allah kwashe su duka. Yi kwana uku da su, ka dawo mini da wadda ba ka so. Tashi mini daga gaban zugazugi, iska ma ta kasa wucewa."

Yana kan hanya sai ga Kura a gindin tsamiya, ta naɗe ƙafa kamar mutuniyar kirki.

"Sannu Malam Nomau. Me muka samu?"

Ya nuna mata. Ta dafe ƙirji. "Wuƙa biyu a jikin dattijo ɗaya? Ai sai a ce mahauci ne, ko mai tare hanya. Mayar wa Cindo wannan baƙar mummunar. Farar kuwa, ba a ɓoye irinta. Ka riƙa buɗe ta a majalisa, mutane su san da wa suke zaune."

Yana wucewa ta bi gari ta bayan danga, gida gida, tana raɗa: "Kun ga wuƙar Amma-Fa kuwa? Kun ji kukanta?"

Ranar farko ya kai akuya turke a gefen gona, ya dawo majalisa, ya zaro fara. Ƙyas! Ladan ya miƙo hannu. "Malam Nomau, ara mini in fiƙe alƙalami." Wa zai hana ladan? Alƙalami ɗaya ya zama goma sha biyu, wuƙa ba ta dawo ba sai bayan la'asar. Nomau ya kama hanyar maƙera zai mayar da baƙa. Ya kai rabin hanya ya ce, "To, amma fa..." Ya juyo.

Rana ta biyu, ƙyas! Inna Hansai mai koko ta leƙo ta kan katanga. "Ɗan nan, ara mini in yanka kuɓewa." Ya miƙa mata baƙa. Ta ce, "A'a, ɗauke, kada ta ɓata mini miya. Mai kukan nake so." Daga hannun Inna ta wuce gidan maƙwabciya, daga can ta wuce gidan suna. Sai almuru ta dawo tana yauƙi. Ya sake kama hanyar maƙera, har yana jin ƙarar guduma. "To, amma fa..." Ya juyo.

Rana ta uku, tun bai ce ƙyas ba, sai ga surukinsa, Baba Gagare, uban Tabawa, da sanda da malafa. "Nomau, an ce ka yi wuƙa. Kasuwar Rafin Kanya zan ci yau, akwai rake. Kawo in ga."

Yara, ku gaya mini, ana hana suruki?

— Ba a hanawa!

Nomau ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu, har da "Allah ya kiyaye hanya, Baba." Ya ce a ransa yau kwana uku sun cika, dole in sallami Cindo. Ya tafi, ya sa kai cikin rumfar maƙera. Kura tana laɓe a bayan rumbu. Da ta ga ƙeyarsa ta shige, ta ce, "Fara ta tafi kasuwa, baƙa ta koma gidan ubanta. Yau akwai biki." Ta ruga gona. Da ta ƙara haƙurin tauna goro ɗaya, da ta ji abin da ya fito daga rumfar nan. Ku faɗa mini.

— To, amma fa!

Kura ta isa wurin akuya. Ba ta taɓa ta ba, alkawari alkawari ne. Sai ta tsaya nesa kaɗan ta yi mata murmushi, haƙora duka a waje. Akuya ta zabura ta yi gabas. Kura ta zagaya ta gabas. Akuya ta yi kudu. Kura ta zagaya ta kudu. Tana zagayawa tana waƙa: "Ni ban taɓa ki ba, 'yar ja, yawo nake yi." Akuya tana kewaya turke, igiya tana naɗewa, tana naɗewa, har ta ƙare. Ta shaƙe wuya. Akuya ta faɗi, harshe waje, ido ya juye.

Masu noma a gonakin kusa suka ji kukan, suka yar da aiki suka sheƙo da fartanyoyinsu. Aka ja igiya, ta ƙi. Ta sha ruwan sama ta ƙulle kamar jijiya, ta nutse cikin fata, ko yatsa ba ya shiga. Fartanya kuwa in aka sara, da wuyan za ta tafi. "Wa ke da wuƙa? Wa ke da wuƙa?" Kowa ya shafa jikinsa. Ai kowa ya saba da aron ta Nomau.

Sai ga Nomau a guje, hula a hannu. Ya cusa hannu a aljihun dama. Wayam.

Kura ta kwanta a kan kunyar gona tana dariya. "Malam, ina mai kukan? Tana can tana shan rake? Kada ka damu, zauna ka huta. Ni ma jira nake."

Nomau ya ɗora hannu a ka, ya sauke ya bugi ƙirji. Sai ya ji wani abu mai tauri ya ƙwale shi a aljihun 'yar-shara. Ya zaro. Baƙa ce.

Dariyar Kura ta yanke.

Ya sa farce, ta ƙi. Ya sa haƙori ya fizga, ta buɗe ba ƙyas ba komai, shiru kamar mai jin kunya. Mutane suka ɗauki ihu: "Yanka! Yanka ta, Nomau! Ta kusa tafiya, ka tsira da nama kafin ta zama mushe!"

Gaskiyarsu fa. In ya yanka wuya, nama ya halatta, Kura ta tashi a banza, amma ba akuya ba 'ya'yan cikinta, sai ya nemi abin gaya wa Tabawa. In ya yanke igiya, amma rai ya fita duk da haka, to har ƙashi na Kura ne. Mutumin da tuwo da dambu ke gagara, yau ga shi tsakanin wuya da igiya.

Ya ɗora wuƙa a wuya. Ya ce, "Bismillahi." Ya ji wani abu yana motsi a cikin akuyar, a ƙarƙashin gwiwarsa. Ya ce, "To, amma fa..." Ya karkata hannu, ya yanke igiya, tsaf.

Akuya ba ta motsa ba.

Wani tsoho ya ce, "Inna lillahi. Amma-Fa ya yi ta." Kura ta miƙe, ta karkaɗe jiki, ta ratsa mutane tana "Gafara dai, gafara dai, hakki ne ya zo ga mai shi." Ta sunkuya ta kama kunnen akuya da haƙori za ta ja.

Sai akuya ta yi atishawa. Fyat! A hancin Kura.

Ta sake yi. Ta ɗaga kai, ta ce, "Mee. Jama'a ku shaida, da raina ta sa mini baki."

Wayyo, ku zo ku ga fartanya! Wanda bai samu wuri ba ma sai da ya miƙa tasa ta saman kafaɗar wani. Duk a ƙugu suka same ta, don ta riga ta juya za ta gudu. Shi ya sa har gobe in kun ga kura, gabanta a sama bayanta a ƙasa, kamar mai neman wurin zama.

Nomau kuwa zama ya yi daɓas a cikin taɓo, ya rungume akuya, yana dariya hawaye na zuba. Ita ko ta ci gaba da cin ciyawa kamar ba ita ba. Kafin Tabawa ta dawo, akuya ta haifi uku, duka mata. Tabawa ta ƙirga su sau biyu, ta dubi mijinta, ta ce, "Malam, me kake so in dafa maka?" Nan take ta gane kuskurenta, ta ce, "Bari, na san abin da zan yi."

Da ya koma maƙera, Cindo ya ce, "Ka zaɓa?"

Ya ce, "Ni ban zaɓa ba. Ɗaya ce dai ta zauna."

"Ɗayar fa?"

"Tana wurin Baba. Ya ce wanzamin Rafin Kanya ya ara, shi kuma ya ba ƙanin matarsa."

Cindo ya ce, "Bar ta, na san hanyarta. Sau huɗu ke nan ina sayar da ita tana zagayowa."

To kun ji. Abin da ya cika kyau na jama'a ne, kai dai ɗan dako ne. Naka shi ne wanda ka shafa ka ji shi ranar da igiya ta shaƙe. Kuma duk wanda ya dage sai ya taya ka zaɓe, dubi bakinsa tukuna, ko yawu yake zuba.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ba don Gizo ya riga ni ba, da na ce ƙarya ce na shirga muku, amma ku je ku duba ƙugun kura ku dawo mu yi magana. Lantana, miƙo sauran gyaɗar nan, aro zan yi.