Ragon da Ya Ce Ƙuda Ya Kora

An yi wani kufai da mutane suka tashi suka bar wa dabbobi. A cikinsa akwai wata akuya, Kyalla, mai nacin tsiya, in ta sa abu a gaba ba ta saki. Akwai Rago, ƙato mai murɗaɗɗen ƙaho, wanda ba ya jure a ce ya gaza. Sai Guzuma, tsohuwar saniya, ita ke raba musu rigima.

Da rani ya yi tsanani, abincin kowa ya koma 'ya'yan wani gawo da ke tsakiyar kufan. Al'adarsu manya ke fara tsinta, yara su biyo baya.

Kyalla na da 'ya'ya biyu, namiji da mace, ko yaye su ba ta yi ba. Wata safiya ta tafi rafi da macen. Ko da ta dawo, sai ta tarar da namijin kwance a gindin gawo, haƙarƙari a karye, ba rai.

"Wa ya yi min wannan?"

"Ni ne," in ji Rago, yana ta taunarsa. "Tsautsayi ne. Ƙuda ya dame ni, na kaɗa kai, ɗanki ya shigo cikin ƙaho. Sai haƙuri."

Dokar kufan kuwa a fili take. Wanda ya yi kisa bisa kuskure zai bar wa uwar mamaci rabonsa na gawo har damina, ya ci gaba da zamansa. Wanda ya yi da gangan, korar sa ake yi daji, inda kuraye suke.

Kyalla ta tafi wurin Guzuma, 'yarta na maƙale da ƙafarta.

"Iya, ba na son gawonsa. Saura ɗaya gare ni. In Rago ya zauna a garin nan, ita ma wata rana ƙuda zai dame shi a kanta."

"'Yata, na ga ƙaho, na ga gawa," in ji Guzuma. "Zuciyarsa ce ban gani ba. Bara Jaki ya taka ɗan tsako yana gudun rina, mun kore shi? Ba mu kore shi ba, don bai nufa ba. Kawo min abin da zai nuna Rago ya nufa."

Kyalla ba ta zauna kuka ba. Ta koma gindin gawo neman sawu, ta ga 'yan jaje duk sun tattake wurin. Ta bi dabbobi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce kansa na sunkuye. Sai Kaza ta ja ta bayan wani rusasshen rumbu.

"Ɗanki ɗan gawo ɗaya ya ɗauke a gaban Rago. Rago ya dube shi, ya yi ta ja da baya, sannan ya taho a guje. Amma in kin ce ni na faɗa, wallahi cewa zan yi ina kan ƙwai."

Kyalla ta juya zancen a ranta. Kowa ya san rago ba ya tunkuyi a tsaye, sai ya koma baya ya auna. Mai korar ƙuda kuwa ba ya aunawa. To, shaida ta ƙi fitowa, sawu ya goge. Bakin da ya rage ɗaya ne, na Rago da kansa.

Ranar shari'a kowa ya hallara. Rago ya zo yana kaɗa gashin wuya, ya sake maimaita zancen ƙuda.

"Kyalla, kina da shaida?" in ji Guzuma.

"Ba ni da shi, Iya. Na ma yarda kuskure ne. Baba Rago ya tsufa, wuyansa ya saki, kan nan rawa yake yi shi kaɗai."

"Ke, iya bakinki!"

"Ai ba laifinka ba ne, Baba. Rabonka da tunkuyin kirki wa ya tuna? Yanzu ko tulu aka ajiye maka, kuskure shi za ka yi. A riƙa dai janye yara daga kusa da kai, kamar yadda ake yi wa makaho."

'Yan raguna suka fara ƙyalƙyala dariya. Wani ya ce, "Sannu, tsoho!"

Rago ya buga ƙafa, idanunsa suka yi ja.

"Ni ne ba na iya aunawa? Ni da na ja baya har bakin tsohuwar rijiya, na saita haƙarƙarinsa, bugu ɗaya bai ko shura ba! Wane yaro a cikinku zai iya haka?"

Rago ya ji abin da ya fito daga bakinsa, kunnuwansa suka kwanta.

"Ranki ya daɗe, horo na yi nufi. Ɗan marar kunya ne, ya riga ni ci."

"Horo?" in ji Guzuma. "Jinjiri mai shan nono, ka zaɓi haƙarƙarinsa da wannan ƙahon, ka ce ba ka san abin da zai biyo baya ba? Daga gawo zuwa rijiya akwai nisa. Duk takun da ka yi baya kana iya fasawa, ba ka fasa ba. Tashi ka bar mana gari."

Ya roƙa, ya ce a ɗauke rabonsa har abada. Shanu suka sa shi gaba har bayan gari, yana tafe yana waige, daji ya haɗiye shi.

Sai a lokacin Kyalla ta durƙusa, ta sa 'yarta a ƙirji, ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa.

Darasin wannan labari shi ne, yarana, ba ɓarna kaɗai ake dubawa ba, ana duba abin da mutum ya ƙudura kafin ya yi ta. Wanda hannunsa ya kuɓuce daban, wanda ya tsaya ya auna daban, ko da gawar iri ɗaya ce. In fushi ya kama ku har kuka ji kuna ja da baya don ku doki wani, to ku ci gaba da ja har ku isa gida. Mai girman kai kuwa ba ya buƙatar a kawo shaida a kansa, bakinsa ya isa.