Lilon da Ya Ƙi Motsi

An yi wani ɗan bunsuru mai suna Barau a makarantar ƙananan dabbobi ta gindin tsamiya. Ƙahonsa bai kai ɗan yatsa ba, amma shi gani yake na ɓauna ne. Ajinsu ɗaya da bushiya Tasalla mai tsoro, da hawainiya Kande mai sanyin hali, wadda yara suka zaɓa ta riƙa sasanta su.

Lilo ɗaya ne tal a makarantar, kuma Malama Zabuwa ta riga ta ce, "Na sake jin faɗa a kansa, igiyar zan tsinke."

Ran nan Barau ya tunkuyo Tasalla daga kan lilon. Ta faɗo ta dunƙule.

"Nawa ne, me-e-e, ni kaɗai," ya ce yana hura hanci.

Yara suka watse. Gogan ya haye ya harɗe. To, lilo sai da mai turawa. Ya yi zugum, ƙafafu na reto, ƙuda na sauka masa a hanci.

Sai ga Kande, taku ɗaya tunani ɗaya, riƙe da ƙwallon goruba.

"Kun san doka," ta ce. "Mai goruba shi ke magana. Wanda ya karɓa kuma sai ya fara maimaita abin da ya ji."

"Ke kafin ki gama ai an tashi," in ji Barau.

"Da sauri ko a hankali, Malama na zuwa da wuƙa. Zaɓi."

Tasalla ta leƙo da ɗan hancinta, ta karɓi goruba. "Ni kullum tura wasu nake yi. Yau ne na fara hawa."

Barau ya karɓa. "Ta ce... yau ta fara hawa." Ya tsaya. Kunnuwansa suka kwanta. "Ni kuma ba wanda ya taɓa kirana wasa. In ban tunkuya ba, ba a ganina."

Tasalla ta karɓa ta maimaita. Sannan ta ce, "Ai da ka tambaya."

"To, wannan kan naka mai ƙarfi," in ji Kande tana duban Barau, "ba zai iya tura lilo ba?"

Da Malama Zabuwa ta iso, sai ta tarar da Tasalla can sama tana ƙyalƙyala dariya, Barau na tura katakon da goshi a hankali, yara sun yi layi. Ta mayar da wuƙarta jaka.

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya ƙwace wasa da ƙarfi shi kaɗai zai zauna. Kafin ka rama, saurari ɗan'uwanka har ka iya faɗin abin da ke damunsa.